Marciano, Mayweather ko Crawford: wa za a sa a gaba cikin waɗanda ba a taɓa dokewa ba?

Tun da Terence Crawford ya sanar da ritayarsa a watan Disambar 2025, da nasara 42 ba faɗuwa ko ɗaya, tsohuwar gardama ta dawo sabuwa: cikin 'yan damben boksin da suka ajiye safar hannu ba a taɓa doke su ba, wa ya fi cancanta? Masu bin tarihi suna nan daram a kan Rocky Marciano da 49 ɗinsa. Waɗanda suka raba dare a watan Mayun 2015 suna jiran karon Floyd Mayweather da Manny Pacquiao ba sa son jin sunan kowa sai na Floyd. Mutanen Birtaniya suna da Joe Calzaghe, na Meziko suna da Ricardo López, ga kuma Andre Ward a gefe, shi ba mai yawan surutu ba. Duk wanda zai ɗauki ɗaya, ko don muhawara a majalisa ko don ya san damben wa zai zauna ya kalla, sai ya nemi ma'aunin da ya wuce ƙirga.

Ƙirga tana yaudara. Julio César Chávez ya yi dambe 90 ba a doke shi ba, nasara 89 da canjaras ɗaya, kafin Frankie Randall ya taka masa birki a watan Janairun 1994. Larry Holmes ya kai 48, saura ɗaya ya kamo Marciano, sai Michael Spinks ya tare shi a 1985. Wanheng Menayothin na Thailand ya kai 54 kafin ya sha kashi a 2020. Da ɗayansu ya haƙura ya tafi gida kafin wannan ranar, da yau da shi ake wannan gardama. Sifilin da ke gaban sunan ɗan dambe, wato rashin faɗuwa ko sau ɗaya, yana nuna ya san lokacin tsayawa, amma ba ya faɗa maka wa ya daka, ko a wane hali ya same shi. Muhammad Ali an doke shi sau biyar, kuma babu mai hankalin da zai sa Sven Ottke, wanda ba a taɓa dokewa ba, a gabansa.

Ga abin da ni nake dubawa. Kusan kowannensu yana da wani dare da sifilin ya kusa tafiya: ko an kai shi ƙasa, ko kan alƙalan maki ya rabu, ko 'yan kallo sun watse suna cewa an yi fashi. To, bayan wannan daren me ya yi? Ya koma ya nemi mutumin ya share shakku, ko ya ɗauke kai ya wuce? Sai a ƙara tambaya biyu a kai. Abokan karawarsa suna kan ganiyarsu ne ko sun fara gangarawa? Kuma akwai wani gwanin zamaninsa da ya kauce wa?

Da wannan ma'aunin Ottke ne farkon fita. Bajamushe ne, ya yi ritaya a 2004 da nasara 34, ya kare kambun duniya na hukumar dambe ta IBF na ajin kilo 76 sau 21, amma dambe shida kaɗai ya gama kafin ƙararrawar ƙarshe, kuma a gida Jamus ya riƙa kare kambun. Karonsa da Robin Reid a Disambar 2003 har yau shi ake kawowa idan ana zancen alƙalancin son kai, domin alƙalin wasa ya yi ta yi wa Reid gargaɗi kamar kai duka laifi ne a dambe. Ottke bai sake waiwayar Reid ba. Dambe ɗaya ya ƙara, ya tafi abinsa.

Akwai kuma waɗanda ba su suka zaɓi tsayawa ba. László Papp na Hungary ya ci zinare uku a jere a gasar Olympics, 1948 da 1952 da 1956, ya zama zakaran Turai a damben ƙwararru, sai gwamnatin ƙasarsa ta hana shi fita neman kambun duniya. Edwin Valero na Venezuela ya gama dambe 27 duk kafin lokaci, ya mutu a tsare a 2010 bayan an kama shi kan kisan matarsa. Namu na Najeriya, Ike Ibeabuchi, ya doke David Tua a 1997, ya tsayar da Chris Byrd a 1999, yana da nasara 20 lokacin da shari'a da kurkuku a Amurka suka cinye shekarun ƙarfinsa. Waɗannan katse su aka yi, ba za a auna su da sauran ba.

Saura shida, kuma Marciano ne ya kamata a fara da shi, don shi ya kafa lambar da kowa ke bi. Kusan shekara 70 ke nan, shi kaɗai ne zakaran duniya na ajin masu nauyi da ya tafi da kambunsa ba a taɓa doke shi ba. Ɗan garin Brockton ne a jihar Massachusetts, iyayensa 'yan Italiya. Gajere ne ga ajinsa, nauyinsa wajen kilo 85, hannunsa kuma gajere ƙwarai. Ya shigo dambe a makare, ba shi da ƙafar rawa, kuma kocinsa Charley Goldman bai ɓata lokaci yana neman ya mayar da shi wani abu dabam ba. Ya koya masa ya duƙa, ya matso, ya yi ta jibga a hannu da kafaɗa da haƙarƙari har abokin karawa ya kasa ɗaga hannu. Cikin nasara 49, guda 43 ba su kai ƙararrawar ƙarshe ba.

A wajen komawa kuwa babu kamarsa. A 1949 Ted Lowry ya ba shi wuya har da yawa suka ce Lowry ne ya ci. Suka sake haɗuwa a 1950, Marciano ya ci ba gardama. A watan Maris na 1950 ya tsallake rijiya da baya a hannun Roland La Starza, kan alƙalai ya rabu. A 1953, yana riƙe da kambu, ya ba shi dama ya gama da shi a turmi na 11. Jersey Joe Walcott da Ezzard Charles ma kowanne sau biyu ya gamu da shi.

Damben Walcott na farko, ranar 23 ga Satumbar 1952 a Philadelphia, shi ne ya fi nuna ko wane ne shi. Tun a turmin farko Walcott ya kai shi ƙasa da hagu, abin da bai taɓa faruwa da shi ba. A tsakiyar damben wani abu ya shiga idonsa, ya yi turmi biyu ko uku yana kai duka a lalube. Bayan turmi 12 Walcott ne ke gaba a takardun alƙalai duka uku, abin da ya rage masa kawai ya tsaya da ƙafarsa. A na 13 Walcott ya ja da baya har bayansa ya taɓa igiya, yana shirin sakin dama. Marciano shi ma ya saki tasa, gajeriya, kuma ita ta riga isa. Walcott ya durƙusa a hankali, hannunsa na hagu ya maƙale a igiya, sannan ya kife da fuska. A karo na biyu, cikin 1953, bai wuce turmin farko ba.

Charles kuma ya kai shi turmi 15 cur a watan Yunin 1954. Da suka sake gamuwa a Satumba, hancin Marciano ya tsage gida biyu, jini ya ƙi tsayawa, ana gab da tsayar da damben a ba Charles. A turmi na takwas ya fito kamar wanda aka ba wa'adi, ya gama da Charles.

Inda magoya bayansa ke rasa bakin magana shi ne shekarun mutanen da ya daka. Joe Louis yana da 37 lokacin da suka haɗu a 1951, kuma bashin haraji ne ya dawo da shi fage. Walcott yana da 38. Archie Moore, wanda shi ma ya kai Marciano ƙasa a turmi na biyu a 1955, ya kai 38 ko ya wuce, kuma zakaran ajin da ke ƙasa ne. Charles ya riga ya yi dambe sama da 90. Louis da Walcott ba su sake dambe ba bayan sun bar hannunsa. Sau shida kaɗai ya kare kambun, ya yi ritaya a Afrilun 1956 yana ɗan shekara 32. Amma a yi masa adalci: bai tsallake kowa ba. Nino Valdés na Cuba, wanda ake cewa ya guje wa, Moore ne ya doke shi ya karɓi layinsa, Marciano kuma ya doke Moore. Floyd Patterson da Sonny Liston ba su nuna ba tukuna. Wanda zamaninsa ya ba shi, shi ya daka. Zamanin ne bai ba shi matashin gwani ba.

Calzaghe da Ward sun fi daɗin kwatantawa, domin aji ɗaya suka mulka, na kilo 76, kuma sun yi tarayya a abokan karawa. Dukansu sun gamu da Mikkel Kessler na Denmark, dukansu sun sha wuyar Sakio Bika, haifaffen Douala a Kamaru, mutumin da ke shigowa da kai da gwiwar hannu da duk abin da Allah ya ba shi. Calzaghe ya ci shi a 2006, Ward a 2010, kuma babu wanda ya fita da fuska lafiya lau.

Calzaghe bahago ne daga Wales, mahaifinsa Enzo ne ya horar da shi, mutumin da asalinsa makaɗi ne. Ya karɓi kambun hukumar WBO a 1997 bayan ya doke Chris Eubank, ya riƙe shi shekara goma, ya kare shi sau 21. Saurin hannunsa da numfashinsa ba a magana. Masu suka suna cewa mari yake yi ba naushi ba, kuma ƙasusuwan hannun nasa sun sha karyewa. Manyan darensa biyu ne. A Maris na 2006 a Manchester, Amurkawa sun zo da Jeff Lacy suna ganin zai gama da shi, sai Calzaghe ya yi masa dukan turmi 12 ba sassauci, Lacy bai sake zama yadda yake ba. A Nuwambar 2007 a Cardiff, gaban mutum kusan 50,000, ya doke Kessler wanda a lokacin ba a taɓa dokewa ba. Daga nan ya haye Amurka, ya ci Bernard Hopkins da Roy Jones a 2008, kuma dukansu biyu sun kai shi ƙasa a turmin farko. Jones ya riga ya ƙare. Hopkins kuwa, duk da shekarunsa 43, bayan wata shida ya je ya wulaƙanta Kelly Pavlik, daga baya ma ya ci kambun duniya yana da 46, don haka wannan nasarar tana da nauyi.

Matsalar Calzaghe ita ce shekaru takwas na tsakiya, waɗanda yawancinsu ya yi su da mutanen da sai ka yi bincike kafin ka tuna sunansu. Kuma shi ba mai komawa ba ne. Robin Reid ya kai shi har kan alƙalai ya rabu a 1999, bai sake karawa da shi ba. Na Hopkins ma haka ya rabu, bai sake karawa da shi ba. Shi da Ottke sun yi shekaru kowa na riƙe da kambu a aji ɗaya ba su haɗu ba. Carl Froch ya yi ta kiransa har Calzaghe ya yi ritaya a 2009 da nasara 46.

Froch ɗin nan Ward ne ya doke shi. Ward, wanda ya ci zinare a gasar Olympics ta Athens a 2004, ya shiga gasar Super Six da aka haɗa manyan ajin a 2009, inda babu damar zaɓen abokin karawa. Ya fara da Kessler, ya yi masa dukan da ya fi na Calzaghe tsanani, ko da yake karon kai ne ya fasa wa Kessler fuska aka tsayar a turmi na 11 aka koma ga maki. Ya wuce Arthur Abraham, ya rufe da Froch a Disambar 2011. Sannan rauni da rigima da mai shirya masa wasa suka cinye masa lokaci. Daga ƙarshen 2013 zuwa tsakiyar 2015 bai shiga fage ba. Da ya dawo sai ya haura ajin kilo 79 ya nemi Sergey Kovalev na Rasha, mutumin da kowa ke tsoro a lokacin. A Nuwambar 2016 Kovalev ya kai shi ƙasa a turmi na biyu, Ward ya farfaɗo, alƙalai uku suka ba shi da 114 da 113, jama'a da yawa suka ce a'a. Bayan wata bakwai ya koma, ya tsayar da Kovalev a turmi na takwas, duk da cewa ɓangaren Kovalev sun yi ƙorafin dukan ƙasan cibiya. Ya yi ritaya a Satumbar 2017 yana da shekara 33 da nasara 32.

Tsakanin su biyun, Calzaghe ya fi daɗewa kuma ya fi daɗin kallo. Damben Ward akwai riƙo da turereniya da yawa. Amma ni Ward nake sa wa a sama, da ɗan tazara, saboda ya nemi mafi haɗarin mutum a ajin da ya fi nasa, kuma da aka yi gardama ya koma.

López shi ne wanda aka fi zalunta a wannan muhawara, don kawai ajinsa kilo 47 da rabi ne, ajin da talabijin ba ta damu da shi ba. Ya je har Tokyo a 1990 ya ƙwace kambun hukumar WBC daga Hideyuki Ohashi, ya kare shi fiye da sau 20. Duk kocin da ke son nuna wa yaro yadda ake tsayuwa, da yadda hannu ke komawa haɓa bayan kowane naushi, bidiyon López zai kunna masa. Tabonsa ɗaya ne: canjaras da Rosendo Álvarez na Nicaragua a Maris na 1998, daren da aka kai shi ƙasa a turmi na biyu kafin karon kai ya sa a tsayar. A Nuwamba ya koma, Álvarez ya zo da nauyin da ya wuce ƙa'ida, López ya yarda aka yi, ya yi nasara, fuskarsa jina-jina. Ya tafi da nasara 51 da wannan canjaras. Abin da ke mayar da shi baya shi ne Michael Carbajal da Humberto González suna nan a ajin da ke sama da shi da kilo ɗaya da 'yan kai, suna cika fili a 1993, shi kuma bai haura ba sai 1999.

Yanzu sai Mayweather, wanda ya kamata a raba shi gida biyu kafin a yi masa hukunci. Yawancin masu zaginsa na bayan 2007 suka sani, mai nuna daloli, mai dambe sau ɗaya ko biyu a shekara a Las Vegas, mai ɓoye haɓa a bayan kafaɗa yana tara maki. Na farkon dabam ne. Yana ɗan shekara 21 ya karɓi kambun WBC na ajin kilo 59 daga Genaro Hernández a 1998. A Janairun 2001 ya gamu da Diego Corrales, dogo mai naushi, wanda ba a taɓa dokewa ba a dambe 33, ya kai shi ƙasa sau biyar har mutanen Corrales suka ce ya isa a turmi na 10. Wanda bai kalli wannan damben ba bai san Mayweather ba.

Daren da ya kusa faɗuwa shi ne na José Luis Castillo, a Afrilun 2002, a ajin kilo 61. Castillo ya manne masa, ya yi ta dukan jiki, ƙididdigar naushi ta nuna shi ya fi saukarwa, kuma mai ba da maki na tashar HBO shi ya ba. Alƙalai suka ba Mayweather da tazara mai faɗi, 'yan kallo suka yi ta ihu. Floyd ya ce kafaɗarsa ce ta samu rauni. Abin da ya yi bayan nan shi ne hujjarsa: bai yi wani dambe a tsakani ba, a Disamba ya koma wa Castillo ya ci shi a fili, ko da yake, abin dariya, makin alƙalai a karo na biyun ya fi na farko kusa. Haka ya yi wa Marcos Maidana a 2014, wanda ya takura shi a Mayu, ya sake karawa da shi a Satumba. Oscar De La Hoya ne kaɗai wani alƙali ya ba nasara a kansa, a 2007, ba a sake ba.

Masu cewa gudu kawai ya iya su kalli turmi na biyu na dambensa da Shane Mosley a 2010. Dama ta same shi a haɓa, ya rungume hannun Mosley kamar zai tafi da shi gida. Ta biyu ta zo, gwiwoyinsa suka lanƙwashe, fili ya ɗauki ihu. Bai faɗi ba. Daga turmi na uku shi ya riƙa matsowa, Mosley na ja da baya, har aka tashi.

Sukar da ake masa ta zaɓen lokaci gaskiya ce, ba ƙage ba. Karon Pacquiao ya kamata a yi shi wajen 2010, tattaunawa ta watse kan batun gwajin jini, ba a yi ba sai 2015, bayan Juan Manuel Márquez ya riga ya shimfiɗe Pacquiao a 2012. Márquez ɗin kansa sai da ya hauro aji biyu ya same shi a 2009, Floyd kuma ya zo da nauyin da ya wuce yarjejeniya ya biya tara. Canelo Álvarez yana da shekara 23 a 2013, aka kuma sa ya rage nauyi ƙasa da iyakar ajinsa. Antonio Margarito da Paul Williams, waɗanda suke da haɗari a ajin kilo 67, bai taɓa su ba. Bai taɓa yin damben ƙwararru a wajen Amurka ba. Lamba ta 50 kuwa, wadda ya samu a kan Conor McGregor a Agustan 2017, ni ba na ƙirga ta: mutumin da bai taɓa yin damben boksin na ƙwararru ba sai ranar. A wurina 49 yake da ita, daidai da Marciano.

Sai dai a duba abin da waɗanda ya doke suka yi bayan sun bar hannunsa. Márquez ya je ya shimfiɗe Pacquiao. Miguel Cotto, wanda Floyd ya ci a 2012, ya karɓi kambun ajin kilo 72 da rabi daga Sergio Martínez a 2014. Pacquiao ya doke Keith Thurman a 2019 yana da shekara 40. Canelo ya zama babban tauraron dambe na shekaru goma da suka biyo baya. Waɗannan ba gawarwaki ba ne. Kuma daga 1998 zuwa 2015, shekara 17, a aji biyar, yana damben kambun duniya. Babu ɗaya cikin sauran biyar ɗin da ke da jerin sunaye mai tsawon wannan.

Crawford ta wata hanya ya zo. Ɗan Omaha ne a jihar Nebraska, yana dambe da dama yana yi da hagu, kuma yana da mugunta a turmin ƙarshe-ƙarshe wadda Floyd na baya ba shi da ita. Kambunsa na farko a gidan mutane ya ɗauko shi, a Glasgow a 2014, daga hannun Ricky Burns. A 2017 ya haɗa kambunan manyan hukumomin dambe huɗu na ajin kilo 63 da rabi bayan ya gama da Julius Indongo na Namibiya a turmi na uku. A ajin kilo 67 ya yi dambe takwas, babu wanda ya kai ƙarshe. Na takwas ɗin shi ne Errol Spence, a Yulin 2023, mai kambu uku da nasara 28 ba faɗuwa, damben da aka ce raba-daidai ne. Crawford ya kai shi ƙasa sau uku, aka tsayar a turmi na tara. Sannan a Satumbar 2025, saura mako biyu ya cika 38, ya tsallake aji guda ɗungurungum ya je kilo 76 ya sami Canelo a ajinsa, ba tare da sharaɗin rage nauyi ba, ya ci shi a takardun alƙalai uku gaban mutum sama da 70,000 a Las Vegas. Shi ne namiji na farko da ya haɗa kambuna huɗu a aji uku.

Canelo shi ne gadar da ke haɗa su biyun. Floyd ya same shi bai gama nuna ba, Crawford ya same shi ya fara wucewa, yana da shekara 35, da dambe sama da 60 a jikinsa, Dmitry Bivol ma ya riga ya doke shi a 2022. Amma Floyd ya jawo shi ƙasa ne, Crawford kuwa hawa ya yi ya same shi. A wannan kaɗai Crawford ya fi. Inda ya gaza shi ne tsakiya. Rigimar kamfanonin shirya wasa ta sa ya yi shekaru yana dukan Amir Khan da Kell Brook bayan sun ƙare, alhali sauran manyan ajin suna wani gida. Spence ɗin da ya samu ya riga ya yi mummunan haɗarin mota a 2019 da tiyatar ido a 2021. Jaron Ennis, matashin da ke tasowa, bai haɗu da shi ba. In ka cire Spence da Canelo, sai Shawn Porter da Viktor Postol da Yuriorkis Gamboa, gwanaye ne amma ba su kai Cotto ko Márquez ko De La Hoya ba.

To wa za ka ɗauka? Ya danganta da abin da kake girmamawa. Idan a wurinka zakara shi ne wanda bai bar bashi ba, wanda duk mai ƙorafi ya ba shi dama ta biyu, kuma a ajin da naushi ɗaya ke kashe fitila, Marciano ne naka, sai dai ka shirya amsa tambayar shekarun Louis da Walcott. Idan kana auna mutum da manyan darensa biyu da kasadar da ya yi, Crawford ne. Idan kana auna shi da tsawon zamani da yawan gwanayen da suka gwada suka kasa, Mayweather ne, kuma nan nake. Jerina shi ne Mayweather, Crawford, Marciano, Ward, Calzaghe, López. Marciano ya sauko na uku ne don mutum huɗun da suka yi masa suna duk a gangara ya same su. López ya zo ƙarshe don ƙarancin abokan hamayya, ba don ƙarancin gwaninta ba.

Tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu dambe guda ce, kuma kowa zai iya yanke hukuncinsa da kansa. Nemi karon Mayweather da Castillo na farko, ka kashe sauti don kada masu sharhi su ja ka, ka ba da maki turmi bayan turmi. Idan Floyd ya fito a takardarka, ko da da maki ɗaya, jerin nan ya tsaya yadda yake. Idan Castillo ya fito, kamar yadda ya fito wa mutane da yawa, to sifilin Mayweather na alƙalai ne, kuma Crawford ya hau sama, domin mafi kusa da aka taɓa zuwa gare shi shi ne Israil Madrimov a 2024, kuma ko a daren nan alƙalai uku duk shi suka ba, ba a kuma yi ihun fashi ba.